Mabiyiyar Khaulah da Wasiƙun Olena

Ranar da aka sallame ni daga asibiti, nas ta miƙo mini abu biyu: jaririyata a naɗe cikin tawul, da wata 'yar roba mai murfi a cikin leda. Na tambaye ta mene ne a robar, ta ce mabiyiya ce. A Malaysia ba sa zubarwa, uban yaro ake ba wa ya je ya wanke ya binne. Ta leƙa bayana tana neman uban, ba ta ga kowa ba sai maƙwabciyata Makcik Rosnah, dattijuwa mai shekara sittin da ɗoriya, riƙe da makullin mota, takunkumi ya rufe mata rabin fuska.

"Husband?" in ji nas.

"Kanada," na ce mata, na karɓi ledar.

Mijina Muntasir ya tafi ne a ƙarshen Janairun 2020, wai sati bakwai kawai zai yi. Digiri na uku yake yi a tarihi a wata jami'a a Kuala Lumpur, yana kwatanta yadda aka yi ta jigilar baƙi zuwa Malaya da yadda aka cika yammacin Kanada da baƙi shekara ɗari da wani abu da suka wuce. Bakano, yana karatu a Malaysia, a kan Kanada. Duk wanda na yi wa wannan bayanin a gida sai ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Tikitinsa na dawowa ashirin da biyu ga Maris ne. Ranar sha takwas Malaysia ta rufe ƙofarta saboda korona, ta ce baƙo kada ya shigo. Shi ke nan ya maƙale a wani gari wai shi Regina, a ɗakin ƙasa na gidan wani ɗan Sudan, ni kuma na maƙale a hawa na sha bakwai na wani bene a unguwar Titiwangsa da ciki wata takwas.

Da muka iso gida na tsaya a kicin da ledar a hannu, na rasa inda zan nufa da ita. Sama siminti, ƙasa siminti. Lambun bakin tafki da nake hangowa ta taga a rufe yake, kuma ko a buɗe yake, wa zai bar baƙuwa ta yi tono a filin gwamnati? Sai na buɗe firiza na ture kifi gefe, na sa robar. Na sami takarda na rubuta "BA NAMA BA NE" na manna a murfin, duk da ni kaɗai ce mai buɗe firizar, kuma ni kaɗai ce mai karanta Hausa a duk hawan.

Gwaggo ce ta fara tambaya. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, a gidanmu na Yakasai. Ko barka ba ta gama yi mini ba ta ce, "Ke 'yar nan, mabiyiyar fa? Wa ya binne?"

"Tana firiza, Gwaggo."

Na ji ta yi salati. "A firiza? Kusa da abin da za ki ci? Taki tana bayan ɗakina, ta ubanki tana gindin katanga, duk wanda aka haifa a gidan nan na san inda tasa take. Ba a barin abin nan a sarari. Ki samu ƙasa ki sa, ko ta wace ce."

Na ce to. Amma a raina na riga na yanke shawara. Ba zan binne wa 'yata komai a ƙasar da ko sau ɗaya ban ji ni a gida ba. Shekara uku ina zaune a garin nan ina ƙorafi: ruwan sama ba ranar hutu, zafi mai danƙo, miya duk sukari, ga kallon da ake yi wa baƙar fata a jirgin ƙasa. Na ce a bar ta a firiza. Muntasir zai dawo, mu gama, mu ɗauke ta mu kai bayan ɗakin Gwaggo kusa da tawa. Ban tsaya tunanin yadda za a wuce da ita filin jirgi ba. Mai jego ce ni, kuma ni kaɗai, ba wanda zai ce mini hankalina ya yi gabas.

Ta waya aka yi wa yarinya huɗuba. Na kanga mata wayar a kunne, ubanta ya yi kiran salla daga wancan gefen duniya muryarsa tana yankewa, ya ce sunanta Khaulah. An yanka rago a Kano, mu hoto muka gani. Makcik Rosnah ce ta zama uwata a kwanakin nan. Kullum da hantsi za ta ƙwanƙwasa, ta ajiye kwanon miyar kifi da citta a bakin ƙofa, ta ja baya taku uku, ta ce, "Makan, makan," wato in ci. Wankan jego kuwa da butar lantarki na yi shi, ina dafa ruwa ina juyewa a bokiti har sau shida, ba ganye ba mai tayawa. Sau biyu Makcik ta ce mini suna da tsohon gida a Gombak, can wajen gari, mai fili a baya, in an sassauta doka za ta kai ni in binne. Sau biyu ina cewa na gode, ina jiran maigidan.

Awa sha huɗu ne tsakaninmu da shi. Ƙarfe takwas na safe a wajena, ƙarfe shida na yammacin jiya a wajensa, don haka kullum ina yau yana jiya. A wannan lokacin muke waya. Wata safiya ya ce yana da roƙo.

"Maman Khaulah, kafin a rufe archive ɗin, ma'ajiyar tsoffin takardun nan, na ɗauki hotunan takardu sun fi ɗari huɗu. Idona ya gaji wallahi. Ko za ki riƙa typing ɗin wasu, in baby ta yi barci?"

"Malam, haihuwa na yi, ba hutu na ɗauka ba."

"Na sani. Kaɗan-kaɗan lah," ya ce, da salon lallashin 'yan Malaysia.

Na yi masa tsaki, amma na karɓa, don shirun gidan ya fara yi mini yawa. Haka na shiga tarihin Kanada da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da mai shan nono.

Na farkon duk takardun gwamnati ne. Hotunan talla da aka riƙa mannawa a garuruwan Turai, an zana alkama ta kai ƙirjin mutum, an ce ga ƙasa nan kyauta, eka ɗari da sittin ga duk namijin da zai zo. Sharaɗin shi ne ka gina ɗaki, ka yi noma, ka zauna a wurin wata shida a kowace shekara har shekara uku, sannan a ba ka takardar mallaka. Mutane suka yi ta kwarara, daga Ingila, daga Amurka, daga gabashin Turai. Jirgin ruwa ya sauke su a bakin teku, jirgin ƙasa ya kwashe su kwana da kwanaki zuwa Winnipeg, daga nan kowa ya nemi lambar filinsa a cikin ciyawa. Garuruwa suka tsiro a gefen layin dogo. A takardun ana ta cewa ƙasa ce da ba kowa, har sai da na kai ga wasu shafuka na ga ashe da masu ita, an tattara su ne an kai gefe. Na kuma ga 'yan China da suka taya gina layin dogon, daga baya aka ɗora wa shigowar irinsu haraji mai nauyi, har mutum ya tsufa bai iya kawo matarsa ba. Wannan shafin na daɗe a kansa.

Sai na zo kan wasiƙun Olena. Mata ce daga wani ƙauye a yankin da ake kira Galisiya a gabashin Turai, ta bi mijinta Wasil zuwa Kanada a 1902, tana rubuta wa mahaifiyarta. Jikarta ce daga baya ta je ƙauyen ta karɓo wasiƙun, ta juya su zuwa Turanci da rubutun hannu mai kwanciya gefe guda. Wasiƙa goma sha ɗaya ne. Daga ta farko na ji matar ta kwanta mini, don ba ta iya ɓoye haushi ba. Ta ce alkamar da aka zana musu ba ta gan ta ba, sauro ta gani, manya, masu cizo ta cikin riga. Ta ce gidan da Wasil ya yi mata alkawari rami ne aka yi wa jinka da sanduna da ciyawa, in an yi ruwa kwana ɗaya a waje sai a yi kwana biyu ana yi a ciki. Maƙwabci mafi kusa tafiyar rabin yini ne. Ta ce da yamma takan fita ta fuskanci gabas ta kira sunayen matan ƙauyensu ɗaya bayan ɗaya, don kada bakinta ya manta. A ƙarshen kowace wasiƙa sai ta ce, "Mama, shekara uku ne kawai. In an ba mu takarda za mu sayar mu dawo."

Na fara ɗokin barcin Khaulah don in koma wajen Olena. Da gangan nake jan aikin, wasiƙa ɗaya a kwana biyu, kada su ƙare. Azumi ya wuce, salla ta zo, na yi wa jaririya kwalliya ba mai gani sai Makcik daga bakin ƙofa. Kewa ta dame ni ƙwarai a ranar. Ina kewar Muntasir, ina kewar hayaniyar tsakar gidanmu, har faɗan Gwaggo a kan an bar mata tsintsiya a hanya nake kewa.

Bayan salla da kwana uku muka yi faɗa da shi. Ya kira yana tafe a wani titi, ya juya mini kyamara in ga sarari. Ƙasa shimfiɗe har iyakar gani, ba tudu ba gini.

"Kin ga ƙasa, Bashira? Wani professor a nan ya ce in na gama akwai hanya, za a iya samun postdoc, aikin bincike a jami'a. Ina ta tunani. Me zai hana ku ku zo nan kawai?"

"Mu zo mu yi me?"

"Mu zauna mana. Yarinya ta tashi a nan. Mutanen da nake karantawa fa da hannu biyu suka zo, ga jikokinsu nan su ne masu garin."

Raina ya ɓaci. "Malam, ka yi wata huɗu kana kallon ƙasa ba iyaka, ni kuma taku ɗaya nake nema na rasa. Mabiyiyar 'yarka tana firiza kusa da kifi. Ka taɓa tambaya?"

Ya tsaya cak a titin. Sannan ya ce, a hankali, "Na ɗauka an binne tuntuni."

"Wa zai binne? Jiranka nake, mu kai ta Yakasai."

"Bashira, ba za a bar ki ki hau jirgi da ita ba. Ko nan, ko gida. Kuma ni ban san ranar da za a bar ni in shigo ba. Wallahi ban sani ba."

Na kashe wayar. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Kwana biyu ban ɗauki kiransa ba. A rana ta uku, don in huce, na buɗe wasiƙa ta bakwai.

Watan Fabrairun 1903 Olena ta rubuta ta. Ta haihu a Janairu, namiji, ita kaɗai, Wasil ya tafi aikin saran itace a daji mai nisa don su samu abin sayen saniya. Ta yanke cibi da wuƙar burodi. Sai ga mabiyiya. Ashe su ma a ƙauyensu ba sa yarwa, ungozoma ce take wankewa ta binne a cikin ɗaki, a gidan da aka haifi uban yaron. Ta ce ta fita waje da gatari ta sari ƙasa, gatarin ya yi tsalle ya dawo, don sanyi ya mayar da ƙasar kamar ƙarfe. Ta naɗe abin a tsumma ta ajiye a cikin ƙanƙara a bakin ƙofa, ta ce bari ta jira Wasil. A kwana na huɗu ta ga sawun wata dabba ya zagaye wurin. Sai ta shigo da shi, ta share tokar gindin murhu, inda wuta ta sa ƙasa ta yi laushi, ta yi ta tono da wuƙar nan da cokali har ramin ya kai gwiwar hannunta.

Na rubuta layin ƙarshe kamar yadda jikar ta juya shi. "Mama, ban so ba. Na so ta kwanta kusa da ta ubansa. Amma yaron a nan ya zo, kuma ba ni da wata ƙasa sai wadda take ƙarƙashin ƙafata."

Na duba ƙasan shafin ina neman zancen shekara uku da dawowa. Babu. Na buɗe ta takwas, ta tara, har ta sha ɗaya, na karance su a zama ɗaya, ni da nake tattalinsu. Ta ba da labarin saniya, da alkamar farko, da makarantar da aka gina, da ranar da aka ce yankinsu ya zama lardi mai suna Saskatchewan. Ta ce sun gina gida na katako, amma ta hana Wasil rushe tsohon ramin, ya zama wurin ajiye dankali. Ba ta sake cewa za ta dawo ba, ko sau ɗaya. Na rufe kwamfutar na yi kuka sosai, na matar da ta mutu tun kafin a haifi Gwaggo, da nawa.

Washegari da Makcik ta ajiye kwano ta ja baya, na ce, "Makcik, filin nan na Gombak, har yanzu boleh?" Wato ko zai yiwu.

Idanunta suka yi dariya a saman takunkumi. "Boleh," ta ce. "Tun yaushe nake jira."

Mun tafi a tsakiyar Yuni, an sassauta doka, ni kuma na yi arba'in. Gidan katako ne a kan ƙafafu, ba kowa a ciki tun rasuwar mijinta, bayan gidan duk ayaba da ciyawa. Ta nuna mini itatuwan kwakwa huɗu a jere, ta ce na 'ya'yanta ne, kowanne a kan mabiyiyarsa aka dasa. Biyu suna Johor, ɗaya yana Dubai, ɗaya ta rasu tana ƙarama. Ta zo da gishiri da tsamiya da farin ƙyalle da kwakwa mai tsiro. Ni kuma na zo da umarnin Gwaggo: rami ya yi zurfi, a yi bisimilla, a ɗora dutse.

Muka wanke tare a bakin famfo, da gishirin da tsamiyar, yadda suke yi. Na jingina wayar a jikin bokiti na kira Muntasir. Bai ce komai a kan faɗanmu ba, ni ma ban ce ba. Makcik ta miƙo mini fartanya, ta karɓi Khaulah.

"Aikin uba ne wannan," ta ce.

"Uban yana jiya," na ce. Ba ta gane ba, shi ya gane, na ji ya yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

Ƙasar ja ce, mai laushi, ta sha ruwa. Ban sha wahalar da Olena ta sha ba, amma sai da gumi ya jiƙa mini hijabi. Da ramin ya kai gwiwar hannuna na sa ƙullin, Muntasir yana karanta addu'a ta waya. Na mayar da ƙasa, na ɗora dutsen Gwaggo, Makcik ta dasa kwakwarta a gefensa, ta biyar a layin.

"Maman Khaulah," in ji shi, "ki yafe mini."

"Ka dawo kawai," na ce.

Sai da Khaulah ta fara tsayawa da kanta aka bar shi ya shigo. Ya yi kwanakin killacewa a otal, ya iso gida, ta kalle shi ta ɓuya a bayana, don ita ubanta a cikin waya yake. Zancen zama a Kanada bai sake tasowa ba, dama waɗanda suka ɗauki nauyin karatunsa suna jiransa a gida. Ya gama a 2022, ya sa sunana a shafin godiya, layi ɗaya da rabi, na ce masa Olena ma ta fi ni samun wuri a littafin. Muka tattara muka dawo Kano.

Ranar da muka je Yakasai, Gwaggo ta kama hannun Khaulah ta kai ta bayan ɗaki, ta nuna mata inda tawa take. Yarinyar ta ce tana son "makan", Gwaggo ta juyo ta tambaye ni wane ne kuma Makan. Aka yi ta dariya. Na zauna a ƙofar ɗakin, ga hayaniyar da na yi shekara biyar ina mafarkinta, ga ƙamshin daddawa, ga tsintsiya a hanya. Sai wayata ta yi ƙara. Makcik ce ta turo hoto, tana tsaye a bayan gidan Gombak ba takunkumi, ganyen kwakwar ya wuce kafaɗarta, dutsen yana nan a gindinta. A ƙasa ta rubuta cewa an yi ruwa da safe, ba sai ta ba ta ruwa ba.

Na ƙara girman hoton ina kallon jar ƙasar nan. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ke kuma lafiya? Kin dawo gida kina hawaye?"

Na ce mata ba komai. Ban san yadda zan gaya mata cewa ruwan saman garin nan nake kewa ba, wanda na yi shekara da shekaru ina zagi.